Yadda Iyaye Za Su Shirya Yaro Domin Ranarsa ta Farko a Makarantar Sakandare a Kano

A duk watan Satumba, lokacin da damina take shirin bankwana kuma makarantu suke buɗe sabuwar shekarar karatu, dubban yara a birnin Kano suna ajiye kayan firamare su sanya na sakandare, yawancinsu masu shekara 11 zuwa 13. Iyaye sukan ɗauki wannan rana a matsayin maganar sayayya: a ɗinka yunifom, a sayi takalmi da jaka da littattafai, a ba yaro kuɗin tara, a ce Allah ya ba da sa'a. Sayayyar tana da muhimmanci, kuma zan zo kanta, amma babban abin da yake sauyawa a rayuwar yaron ba a kasuwa ake shirya masa ba. A firamare malami ɗaya ne yake riƙe da aji kusan tun safe har a tashi. Ya san sunan yaro, ya san gidansu, wataƙila ma ya koyar da yayansa, kuma idan yaron ya yi shiru fiye da yadda ya saba zai lura. A sakandare kuwa malamai ne suke shiga suna fita, kowa da darasinsa na kimanin minti 40, kowa da azuzuwa masu yawa da yake zagayawa, ta yadda yaro mai kunya zai iya cinye zango guda babu wani babba da ya riƙe sunansa. Saboda haka babban aikin iyaye a ranar farko shi ne su tabbatar akwai malami ɗaya a cikin makarantar da ya san ɗansu ido da ido, shi ma ɗan ya san inda zai same shi idan wani abu ya taso.

Shirin yana farawa aƙalla mako guda kafin a buɗe makaranta, kuma matakin farko shi ne uba ko uwa ko wani babba na gidan ya taka ya je makarantar, domin zuwa da kai ya fi aike. Makarantun sakandare a Kano ba tsarinsu ɗaya ba. Akwai na gwamnatin jiha na jeka-ka-dawo, waɗanda su ne mafi yawa, akwai na kwana, akwai na Larabci da na haddar Alƙur'ani, akwai Kwalejin Gwamnatin Tarayya da take kan titin Zariya, ga kuma makarantun kuɗi da suka bazu a unguwanni tun daga Hotoro har Rijiyar Zaki. Kowace tana da dokarta a kan launin kaya da lokacin shiga da abin da aka yarda ɗalibi ya zo da shi, don haka abin da maƙwabci ya faɗa game da makarantar ɗansa ba lallai ya yi daidai da taku ba. A tambayi ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, ƙarfe nawa ake tashi daga Litinin zuwa Alhamis, da kuma ranar Juma'a da ake tashi da wuri saboda masallaci. A tambaya ko 'yan aji ɗaya da safe suke zuwa ko da rana, domin a wasu makarantun da ɗalibai suka yi yawa ana raba su kashi biyu. A duba ko akwai ruwan sha da banɗaki mai aiki, tunda amsar ita ce za ta nuna girman gorar da za a saya wa yaro. Game da kuɗi kuwa, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya shekaru uku na ƙaramar sakandare cikin shekaru tara da ya wajaba kowane yaro ya samu kyauta a makarantar gwamnati, kuma jihar Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019. Idan duk da haka aka ce akwai abin da za a biya, na ƙungiyar iyaye da malamai ko na bajin makaranta, sai a nemi bayani cikin ladabi a ofishin shugaban makaranta, a kuma karɓi rasit a adana.

Maganar suna da takardu

Abin da na fi so iyaye su tsaya a kansa shi ne suna, domin sunan da aka rubuta a rajista a makon farko shi ne yake bin yaro har takardar jarrabawarsa ta ƙarshe. A garin nan abu ne mai sauƙi a samu yaro ɗaya da Muhammad a takardar haihuwa, Muhammadu a shaidar kammala firamare, Mohammed kuma a rajistar sakandare, ko yarinya da A'isha a nan, Aishatu a can. Haka sunan ƙarshe: wani wuri an sa sunan uba, wani wuri na kaka, wani wuri kuma an liƙa sunan unguwa kamar Yakasai ko Fagge ko Gwammaja. Babu wanda wannan yake damu a aji ɗaya, amma bayan shekara shida, lokacin da za a yi rajistar jarrabawar WAEC da ta NECO da ta shiga jami'a, sai ya zama abin tashin hankali. Hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga jami'a, ta wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, tun 2021, kuma bayanan da suke kan lambar su take ɗauka. Idan suka saɓa da na makaranta, sai a shiga zuwa kotu yin rantsuwa da bin layin ofisoshi a daidai lokacin da ya kamata yaro ya zauna ya yi karatu. Maganin abu ne na minti biyar. Uba ya zauna ya yanke shawarar yadda za a rubuta sunayen, da jerinsu, da ranar haihuwa, bisa abin da yake a takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ya rubuta su da manyan baƙaƙe a takarda guda, ya miƙa wa mai rajista, sannan ya roƙi a nuna masa abin da aka shigar kafin ya bar wurin.

Akwai kuma wani ɓangare na maganar da ya shafi al'adarmu ta alkunya. Yaron da ya ci sunan kakansa tun yana goye ake ce masa Abba ko Baffa ko Halifa, yarinyar da ta ci sunan kaka kuma Ummi ko Walida, kuma malamin firamare da ya san gidan sau da yawa da wannan sunan yake kiransu. Ranar farko a sakandare malam zai buɗe rajista ya kira sunan yanka haɗe da na uba, cikin sauri, a cikin aji mai hayaniya. Ya kira sau biyu, yaron yana zaune yana kallon taga bai gane da shi ake ba, sai a sa masa alamar bai zo ba alhali tun bakwai yana harabar. Don haka a cikin makon a riƙa kiransa da cikakken sunan nan, ko a sa wani yayansa ko kawunsa ya yi idan iyaye suna jin nauyi, har kunnensa ya saba, a kuma sa shi ya rubuta sunan da hannunsa a bangon kowane littafi daidai da yadda aka ba makaranta. Takardun da za a tafi da su, wato ta samun gurbi da shaidar kammala firamare da takardar haihuwa da hotunan fasfo, a yi musu kwafi, a bar na asali a hannun babba. Kada a taɓa sa su a jakar yaro.

Sayayya ba ta buƙatar dogon bayani. A karɓo samfurin yadi daga makaranta kafin a shiga Kantin Kwari, domin shuɗi kala-kala ne kuma ana iya maido da yaro daga ƙofa saboda bambancin launi. A kai wa tela da wuri tunda a wannan lokacin aiki yana yi musu yawa, a ce ya bar ɗan sarari saboda yaro mai wannan shekarun yana saurin tsawo, kuma idan da hali a yi kaya biyu don a wanke ɗaya a sa ɗaya. Jaka da gora da buta ana samunsu da sauƙi a Kasuwar Ƙofar Wambai, kayan rubutu kuma a Sabon Gari. Littattafan rubutu a saya tun yanzu, kowane darasi da nasa, amma littattafan karatu a dakata har malamai su ba da sunayen waɗanda suke amfani da su, domin ana sauya manhaja kuma wanda yayansa ya bari ba lallai ya yi aiki ba. Sabon sandal a ba shi ya sa na kwana uku ko huɗu a gida don kada ya ji masa ciwo a dunduniya ranar da zai fi kowace rana tsayuwa. Namiji a yi masa aski na hankali, mace kuma kitso marar nauyi da hijabi mai tsawon da makaranta ta ce.

Hanya

Yawancin yara firamarensu a cikin unguwa take, ana ganin rufinta daga ƙofar gida, sakandare kuwa takan kasance a wata unguwar, wani lokacin ma a wata ƙaramar hukumar. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano a farkon 2013, A Daidaita Sahu ne abin hawan ɗalibai, kuma da safe, lokacin da ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan makaranta suke fitowa gaba ɗaya, samunsa da cunkoson wurare irin su Kurna da Kabuga da Dangi da Ƙofar Nasarawa suna iya mai da tafiyar minti goma sha biyar ta zama ta kusan awa guda. Saboda haka a yi gwajin hanyar tare da yaron kafin ranar, kuma a yi shi a daidai lokacin da zai riƙa fita, domin hanyar da aka gwada da hantsin Asabar ba ita ce ta safiyar Litinin ba. A bar shi shi ya tsayar da mai adaidaita, shi ya faɗi inda za shi, shi ya biya ya karɓi canji, babba yana gefe yana kallo. A nuna masa inda zai sauka da inda zai tsallaka, kuma idan babban titi ne kamar na Katsina ko na Zariya, a dage a kan ya bi gadar masu tafiya a ƙasa inda akwai ta, ko ya jira manya ya tsallaka tare da su. A dawo ta hanyar da zai riƙa dawowa, tunda wurin hawa na komowa sau da yawa yana ɗaya gefen titin.

Kuɗin mota na dawowa a ware shi daban da kuɗin tara, a sa a wani aljihun, kuma a ba shi ƙananan kuɗi, domin yaron da ya ga mai awara da mai rake a lokacin tara ba zai tuna da tafiyar rana ba sai an tashi. Waya ba ta da wurin zama a jakar ɗan aji ɗaya: makarantu da yawa sun hana, kuma kowa ya san yadda ƙwacen waya ya addabi garin nan. Abin da yake buƙata shi ne ya haddace lambar mahaifinsa da ta mahaifiyarsa, a kuma rubuta su a cikin bangon littafi guda biyu. A gaya masa a fili wanda zai zo ɗaukarsa idan akwai, da inda zai tsaya jira a cikin harabar makaranta, kuma duk wanda ya zo ya ce Babanka ne ya aiko ni, in dai ba wanda aka ambata masa ba ne, ya koma wurin malami a kira gida. Da yake Satumba ana iya samun ruwan sama mai ƙarfi, a sa masa leda a jaka don littattafai, a kuma ja masa kunne kada ya taka ruwan da yake gudu a titi, saboda yana rufe bakin kwata da ramuka.

Daren da za a wayi gari a tafi, yaron ne ya kamata ya haɗa jakarsa da kansa, babba ya duba bayan ya gama, domin daga yanzu shi zai riƙa yi kullum bisa jadawalin darussa. A kwanta da wuri. Bayan sallar asuba kada a koma barci, kuma kada a bar shi ya fita da ciki wayam ko da ya ce ba ya jin yunwa. Koko da ƙosai ko ɗumamen tuwo ko shayi da burodi, duk wanda ya samu, domin asambulin ranar farko yakan yi tsawo kuma yaran da suke yanke jiki su faɗi a layi yawanci waɗanda ba su karya ba ne. Ya shiga ya gaida kakarsa da sauran manyan gida su sa masa albarka. Ina roƙon yayye da su bar tsoratar da ƙanne da labarin bulala da muguntar siniyoyi a wannan safiyar, domin yaron da ya shiga ƙofa da fargaba ba ya jin komai daga abin da ake faɗa masa.

A cikin makaranta

A isa kafin a buga ƙararrawa da kamar rabin awa. Idan uba ba zai samu dama ba saboda kasuwa ko ofis, uwa ko kawu ko gwaggo ko babban yaya ya je. Abin da bai isa ba shi ne a haɗa shi da ɗan maƙwabta ɗan aji uku a ce ya kula da shi, domin wannan da ya hango abokansa ya manta da amanar. A wurin asambuli ana jeruwa aji-aji, a yi addu'a, a rera taken ƙasa, shugaban makaranta ya yi jawabi, sannan a kira sunayen sababbi a rarraba su azuzuwa. Yana da kyau a tuna cewa a watan Mayun 2024 aka dawo da tsohon taken ƙasa, don haka a tabbatar yaron ya iya wanda ake rerawa yanzu. Sau da yawa sanarwar da Turanci ake yi, kuma babban da ya rako yaro ya kasa kunne tare da shi don ya ji ajin da aka sa shi.

Da zarar an san ajin, sai a tambayi wane ne malamin da yake kula da shi, wanda ɗalibai suke kira fom masta. Shi ne mai kiran suna kowace safiya, shi yake haɗa sakamakon ƙarshen zango, kuma shi ne mafi kusa da abin da malamin aji yake a firamare. A jira shi ko da zai ɗauki lokaci, a gaisa a mutunce, a kamo hannun yaron a gabatar da shi: “Malam, ga ɗanka na kawo maka amana. Sunansa kaza, a gida muna ce masa Abba, daga unguwa kaza yake zuwa, kuma yana da kunya, ba ya iya tambaya sai an ja shi.” A ba malam lambar waya, a nemi tasa idan ya yarda, a tambaye shi lokacin da ya fi dacewa a kira. Wannan ne kuma lokacin faɗin abin da ya shafi lafiya, kuma a nan ina ganin iyaye suna cutar da 'ya'yansu da ɓoyo. Yaro mai sikila bai kamata a tsayar da shi a rana ko a sa shi tsallen kwaɗo ko a hana shi fita shan ruwa ba. Mai asma shara a cikin ƙura tana iya tayar masa da ciwo, musamman idan hunturu ya shigo. Mai farfaɗiya yana buƙatar malamin da ya san abin da zai yi idan ta tashi. Wanda ba ya gani sosai ko ba ya ji sosai wurinsa bencin gaba. Malamin da ba a gaya wa ba zai ɗauki duk wannan a matsayin lalaci ko taurin kai, kuma ba laifinsa ba ne. Kafin a tafi a nuna wa yaron ƙofar ofishin malamai, a ce masa a gaban malam ɗin: “In wani abu ya dame ka, nan za ka zo ka nemi Malam.” Daga nan babba ya yi sallama ya tafi, kada ya tsaya leƙe ta taga, domin 'yan aji ba sa manta wanda aka yi wa haka.

Abin da ake so yaron ya yi da kansa a ranar kaɗan ne, kuma a gaya masa tun a gida. Ya nemi wurin zama inda yake ganin allo, gaba ko tsakiya, tunda a aji mai cunkoso wurin da mutum ya zauna ranar farko yakan zama nasa har ƙarshen zango. Ya kwafi jadawalin darussa a shafin ƙarshe na littafi guda idan an rubuta. Ya san inda banɗaki yake da famfo da masallaci, kuma idan lokacin azahar yana riskarsu a makaranta ya yi sallarsa a can cikin jam'i. Ya san sunan wanda yake zaune kusa da shi da unguwarsu, domin ranar da zazzaɓi ya hana shi zuwa a wurinsa zai ari littafi. Idan bai gane wani abu ba ya tambayi monita ko malami, matambayi ba ya ɓata.

Maganar Turanci tana buƙatar a yi wa yaro ita da gaskiya. Da yawa sun fito daga firamaren da malam yake rubutu da Turanci ya yi bayani da Hausa, sai su tarar a sakandare wasu malaman daga shigarsu har fitarsu ba sa yin Hausa, wasu ma ba Hausawa ba ne, kamar masu yi wa ƙasa hidima. Yaro mai ƙoƙari yana iya dawowa gida ranar farko yana ganin kansa daƙiƙi. A sanar da shi tun da wuri cewa hakan zai faru, kuma yawancin 'yan ajin haka suke ji ko da ba su nuna ba, kuma kunne yana buɗewa cikin 'yan makonni. A koya masa jimloli uku ko huɗu da zai buƙata nan take, na neman izinin fita, da na roƙon a maimaita, da na faɗin ba shi da lafiya. Sannan a jaddada masa kwafar abin da aka rubuta a allo tsaf, da kwanan wata da kan magana, ko da bai gane duka ba, domin daga waɗannan rubuce-rubucen ake fitar da gwajin da ake yi a tsakiyar zango, wanda makinsa yake shiga sakamakon ƙarshe. Shekaru ukun farko na sakandare su ne suke kaiwa ga jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, kuma a wannan matakin ne ake zaɓen masu shiga kwalejojin kimiyya irin na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda aka kafa a 1977 kuma suka fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa a jihar nan. Yaron da yake da wannan burin ya kamata ya san cewa littafin da ya buɗe ranar farko yana cikin lissafin.

Sai manyan ɗalibai. Yaron da jiya shi ne babba a aji shida yau shi ne ƙarami a cikin samari masu gemu, kuma dole a bambance masa abu biyu. Firfet da makaranta ta naɗa yana da ikon sa shi shiga layi ko tsintar takardu ko shara, kuma wannan a yi shi ba tare da musu ba. Amma wanda ya ce ya ba shi kuɗin tararsa ko abincinsa, ko ya dake shi, ko ya kira shi bayan azuzuwa ko wani kango shi kaɗai, ko ya miƙa masa ƙwaya ko wani abin sha ya ce ya gwada, wannan cin zali ne ko abin da ya fi shi muni, ko da kuwa yana da muƙami. A gaya wa yaro ƙarara cewa faɗa wa Malam ko Umma irin wannan ba tsegumi ba ne, kuma ba za a yi masa faɗa ba. Su ma iyaye idan ƙara ta zo musu su bi ta hannun malamin ajin, in bai yiwu ba mataimakin shugaban makaranta. Tura yayye ko samarin unguwa su tare wani a bakin ƙofa yana mai da ƙaramar magana rigimar unguwa da unguwa, kuma ɗan aji ɗayan ne zai ci gaba da zama cikinta.

'Ya mace tana da ƙarin shiri wanda yake wuyan uwa ko yaya ko gwaggo. A waɗannan shekarun ne 'yan mata da yawa suke fara al'ada, kuma tana iya zuwa a aji ba tare da sanarwa ba. A zaunar da ita a yi mata bayani kafin ranar, har da hukuncin sallah da wanka, a sa mata audugar mata a ƙaramin aljihun jaka, kuma uwa ta gabatar da ita ga wata malama da za ta iya zuwa wurinta ba tare da jin kunya ba. Idan makarantar kwana ce, mace ko namiji, duk abin da aka faɗa yana nan, sai dai wanda za a nema bayan malamin aji shi ne mai kula da ɗakin kwana. A bi takardar kayan da makaranta ta bayar, a rubuta suna a jikin bokiti da katifa da kwano da akwati, kada a manta gidan sauro tunda ƙarshen damina ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa, a kuma tambayi ranar ziyara ta farko a faɗa wa yaron, sannan a cika alkawarin zuwa.

Idan ya dawo gida a bar shi ya ci abinci ya huta tukuna. Tambayar yaya makaranta ba ta samar da komai sai lafiya lau, don haka a yi tambayoyin da suke da amsa: wa ka zauna kusa da shi, malamai nawa suka shigo, me ka saya da tara, ka sami ruwa, an kira sunanka daidai? A karɓi jadawalin a kwafe shi a manna a bango inda kowa zai gani. A wannan yammacin ne kuma ya kamata a daidaita lokacin Islamiyya da na boko, domin tashin sakandare ya fi na firamare nisa, ga tafiya, ga aikin gida daga malamai daban-daban. Idan lokutan sun ci karo, uba ya je ya yi magana da malamin Islamiyya a mayar da yaron ajin dare ko na Asabar da Lahadi, maimakon a bar shi yana makara a can ana dukansa, yana gyangyaɗi a nan. A makon farko kada a damu idan ba a yi darasi sosai ba, tunda ana ci gaba da karɓar sababbi da raba azuzuwa. Amma a ƙarshen mako na biyu babba ya buɗe littattafan ɗaya bayan ɗaya ya ga wane darasi ne aka fara, wanne ne har yanzu fari fat, ya duba ko kuɗin mota yana isa, sannan ya koma makarantar ya gaida malamin ajin, ya tambaye shi yadda yaron yake a aji, ya kuma sake duba rajista ya tabbatar sunan da ranar haihuwar suna nan yadda aka bayar.